INJI YA SHIGO, WA ZAI CI RIBARSA?

Duk sa'ad da sabuwar na'ura ta shiga masana'anta, mutum biyu ne ke zura mata ido, kowa da abin da yake hange. Mai masana'anta yana ganin ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya neman ƙarin albashi, balle yajin aiki. Hujjarsa ita ce, in bai sayo ba abokin gasarsa zai sayo, kasuwa ta kuɓuce masa, kowa ya tashi a tutar babu. Shi kuwa ɗan ƙwadago takardar sallama yake hangowa. A ganinmu dukkansu suna da gaskiya. Amma hana inji shigowa bai taɓa yiwuwa ba, saboda haka abin dubawa shi ne yadda za a raba amfaninsa.

Misalai biyu sun ishe mu. A 1960, ƙungiyar 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na yammacin Amurka, ƙarƙashin jagorancin Harry Bridges, ta zauna da masu jirage. Ta yarda a kawo injunan lodi, su kuma masu jirage suka yarda su riƙa zuba dala miliyan 5 kowace shekara a asusun ma'aikata, don lamunce albashi da biyan waɗanda suka yi ritaya da wuri. Yawan 'yan dako ya ragu ƙwarai daga baya, kuma 'yan aikin wucin gadi ba su sami wannan kariya ba. Duk da haka ƙungiyar ta tsira da ƙarfinta.

A Ingila kuwa, a Janairun 1986, Rupert Murdoch ya mayar da buga jaridunsa, har da The Times da The Sun, zuwa sabuwar maɗaba'a a Wapping, inda kwamfuta ta karɓe aikin masu jera haruffa. An sallami ma'aikata fiye da 5,000 da suka shiga yajin aiki. Suka shekara suna fafutuka, a Fabrairun 1987 aka janye yajin ba tare da sun koma bakin aikinsu ba. Waɗancan sun yi ciniki tun ana bukatarsu, waɗannan kuwa sai da aka gama shirin yin aiki ba su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma nan gida abin ya iso. Aikin da akawun banki ke yi jiya, yau na'urar cirar kuɗi da wayar hannu ke yin mafi yawansa. Don haka muna kira ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya da kada ta tsaya ga batun albashi kaɗai. Ta nemi a rubuta cikin kowace yarjejeniya cewa za a sanar da ma'aikata tun kafin a sayo inji, a koya musu sarrafa shi, a kuma yi wa wanda aka sallama sallamar mutunci, har da ɗan kwantiragi. Masu masana'antu kuma su tuna, inji ba ya sayen atamfa ko sabulu. In aka talauta ma'aikaci, wa zai sayi kayan?

'Yan'uwa ɗalibai, gobe daga cikinmu za a sami injiniyan da zai girka na'urar, da manajan da zai sa hannu a takardar sallama, da kuma wanda za a miƙa wa takardar. Wajibinmu ne mu tsaya kada lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.