Wa Zai Koya Wa Yaro Godiya?

Jama'a, akwai wata al'ada ta maƙwabtanmu Kirista wadda ya kamata mu malaman gobe mu dube ta da idon basira. Kowa ya san Wusasa, nan gefen Zariya, inda 'yan mishan suka koma daga cikin birni a 1929. Da yawansu Hausawa ne da Fulani kamarmu, tuwonsu tuwonmu, Littafi Mai Tsarki ma da Hausa su ke karanta shi tun da aka buga shi a 1932. To, a gidajensu in an kawo akushi, ba mai sa hannu sai an yi addu'ar godiya, sau da yawa ma ƙaramin yaro a kan ce ya yi. In kaka ta yi, sai iyali su ɗauki damin dawa ko na gero, wani ma kaza, su kai majami'a, yara na biye da ɗan nasu a ka. Tun suna ƙanana a kan ba su labarin kutare goma na cikin Linjilar Luka, waɗanda aka warkar, amma ɗaya tak ya komo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye.

Kada wani ya ce mun zo da sabon abu. Mu ma tun muna makarantar allo aka koya mana bisimilla kafin loma, hamdala bayan ƙoshi, a Suratu Ibrahim kuwa an yi wa mai godiya alkawarin ƙari. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, yaron nan ba umurni kaɗai ya ke ji ba, da idonsa ya ke ganin uban da ya sha wahalar noma ya rabu da dami guda. Amma fa can ma, kamar nan, addu'a ta kan zama haddar baka. Yaro ya rattabo ta idonsa na kan nama, ya ci ya tashi, bai ko dubi uwar da ta wuni tana daka ba. Wannan karatu ya koya, da sauransa.

Nan ne laifinmu ya ke. Mu kan daka wa yaro tsawa, "Kai, ba ka iya cewa na gode ba?" har da bulala, mu kira shi butulu. Alhali kuwa shi ya share aji, shi ya ɗebo mana ruwa a rijiya cikin sanyin hunturu, ba mu ko ce masa madalla ba, wai kada ya raina mu. A bakin wa zai ji kalmar har ya iya ta? Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, ba su ce sai kyautar babba ba.

Waɗansu daga cikinmu sun jarraba sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Duk yaron da ya kawo alli ko ya goge allo, sai su kira sunansa su ce an gode. Ran farko yara suka yi ta ƙunshe dariya, suna tsammani ba'a malam ya ke yi. Har muka gama dai ba wanda ya raina kowa, bulalar kuwa tana nan rataye a ƙusa.