Gajiya ba ta isa hujjar ƙara maganin tayirod ba

Akwai ƙorafin da muke yawan ji a shagon magani, musamman daga bakin iyayenmu mata: “Ina shan maganin kullum, amma har yanzu jikina a mace yake.” Daga nan wata sai ta mayar da ƙwaya ɗaya biyu, wata kuma ta ajiye maganin gaba ɗaya. A ganinmu duka biyun kuskure ne.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke ce mata maƙoƙo. Idan ta yi rauni sai a ga kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, zubar gashi da taurin bayan gida. Maganin da ake bayarwa shi ne levothyroxine, yawanci mai lamba 25, 50 ko 100. Aikinsa a hankali yake, domin sai an yi kusan mako guda kafin rabin abin da aka sha ya bar jiki. Shi ya sa idan likita ya sauya adadi yake cewa a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwajin jinin da ake kira TSH. Wanda ya ƙara wa kansa bayan kwana biyar bai ma ga aikin na farko ba.

Idan maganin ya yi wa jiki yawa, zuciya kan riƙa bugawa da sauri ko ba bisa tsari ba, barci ya gagara, ƙashi kuma ya yi rauni, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Ga dattijo mai ciwon zuciya, hatsarin ya fi girma.

Sau da yawa matsalar tana wajen yadda ake shan maganin. A sha shi da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko da ƙosai ko shayi mai madara. Abin da ya fi damun mu shi ne maganin ƙarin jini. Hajiya ta gaji, 'ya'ya su sayo mata kwalba saboda tausayi, ta haɗa da ƙwayar safe. Sinadarin ƙarfen da ke ciki yana hana hanji tsotse levothyroxine, sai gajiyar ta ƙaru. Haka maganin ƙarfin ƙashi da na ƙwannafi suke yi. A raba su da awa 4. A watan azumi a sha kafin sahur da rabin awa, ko lokacin kwanciya idan an yi awa 3 da cin abinci. A kuma ajiye shi nesa da zafin madafa. Idan ɗan'uwa ya aiko da na wani kamfani daga Ingila ko Amurka, a nuna mana kafin a fara sha.

Muna da magana ga abokan aikinmu ma. Idan TSH ya daidaita amma mutum yana cewa bai ji sauƙi ba, bai kamata a sallame shi da “sakamakonki lafiya lau” ba. Ƙarancin jini, ciwon sukari, ƙarancin bitamin B12 ga masu shan metformin, minshari mai yanke numfashi da ciwon damuwa duk suna kawo irin wannan kasala. A bincika su. Idan abin ya ci tura, a nemi takardar zuwa wajen ƙwararru a Korle Bu ko Komfo Anokye.

Mai juna biyu ita ce ba za ta jira ba. Da zarar ta san da cikin ta garzaya asibiti, domin buƙatarta kan ƙaru tun watannin farko, kuma ƙwaƙwalwar jaririn na dogara da wannan sinadari.

Mun san kuɗin gwaji da nauyi. Amma kuɗin da ake kashewa a kan kwalaben ƙarin jini da jiƙe-jiƙe gara a tara shi a yi gwajin. Idan adadi ya zauna, sau ɗaya a shekara kan wadatar. Masu kula da iyaye, ku rubuta lambar maganin da ranar gwajin ƙarshe a takarda, ku riƙa zuwa da ita asibiti. Allah ya ƙara mana lafiya.