Tafarnuwa Ba Maganin Kare Ba Ce

Ya kai mai karatu, idan kana da kare, na farauta ne ko na gadin gida ko mai bin garke, akwai wata shawara da ta yaɗu wadda ya kamata ka yi hattara da ita. Daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, tafarnuwa ba ta rabuwa da madafi, kuma mutane sun yarda da amfaninta ga lafiyarsu. Saboda haka wasu ke daka ta su zuba wa kare a abinci, wai tana kashe tsutsar ciki, tana korar kaska da ƙuma. Babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ta tabbatar da haka. Illarta kuwa sananniya ce wurin likitocin dabbobi.

Tafarnuwa da 'yar'uwarta albasa suna ɗauke da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafawa ko shanyawa ba ta kashe wannan dafi, garin tafarnuwa ma ya fi ɗanya ƙarfi. A shekarar 2000 masu bincike a Japan sun ba karnuka tafarnuwa gwargwadon giram 5 a kan kowane kilo na nauyinsu har kwana 7, suka tarar ƙwayoyin jinin sun fara lalacewa.

Ka lura da wannan: karen da kaska da tsutsa suka addaba, da ma jininsa ya ragu. Ƙara masa tafarnuwa shi ne a garin neman gira a rasa ido.

Cutar ba ta bayyana nan take, takan ɗauki kwanaki. Alamominta su ne kasala, haki, amai, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma ja ko ruwan ƙasa. Da zarar ka ga haka, garzaya da shi asibitin dabbobi, ka faɗa wa likita abin da ya ci da kuma yawansa.

Ɗan abin da ke cikin ragowar miya sau ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne; matsalar ita ce yawa da maimaitawa. Maganin tsutsa da na kaska kuwa yana wurin likitan dabbobi, kuma gwargwadon nauyin kare ake ba shi. Idan ka je, ka nemi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, domin kariya ce ga yaran gidanka. Dabbar da ke hannunka amana ce.