SHARHI: TSOHUWAR MOTA, A GYARA KO A RABU DA ITA?

Tun lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kana ta saki darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, batun tsohuwar mota ya zama babban abin tunani ga 'yan kasuwa. Dalar Amurka da ake canzarwa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a 2024, litar mai kuma ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa fiye da Naira 1,000 a wasu biranen. Da yake da Dala ake sayo motoci, da ita kuma kwastan ke ƙiyasta kuɗin fito, farashin motar Tokunbo ya fi ƙarfin masu ƙaramin jari.

An taɓa ganin irin wannan hali. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, lokacin da ma'aikaci ke iya sayen sabuwa dal. Bayan shirin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, jama'a suka koma ga kwancen Turai da kuma gyaran na hannu. Da haka kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, da Nkpor kusa da Anaca, da Ƙofar Ruwa a Kano suka bunƙasa.

A irin wannan yanayi gyara ne ya fi dacewa ga mafi yawan masu mota, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai mota ya san ciwon motarsa. Wanda kuwa ya sayar da ita ya sayi wata tsohuwar, bai san abin da aka rufe da fenti ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Sai dai gyara yana da iyaka, kuma abubuwa 3 ne ke nuna ta. Na farko shi ne ƙashin motar. Inji da giya ana sauke su a ɗora wasu, amma idan tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da bodi, ko hatsari ya lanƙwasa shi, walda ba ta mayar da ƙarfinsa, rayukan direba da fasinja kuma ba abin gwaji ba ne. Na biyu shi ne samuwar kayan gyara. Motar da sai an yi makonni ana neman kayanta ta zama kaya ga mai ita, ko da injinta lafiya lau yake.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kwanakin da mota ke yi a gareji. Ɗan kasuwar da ke kai tumatir kasuwar Mile 12 ya san cewa kwana 2 a gefen hanya sun isa su ruɓar da lodi sukutum, kuma wannan hasara ba ta cikin takardar bakanike.

Saboda haka wajibi ne kowace mota ta sami littafinta. A riƙa rubuta kuɗin gyara, da na mai da baƙin mai, da ribar da aka rasa a ranakun da ba ta fita ba. A ƙarshen shekara a gwada jimillar da abin da wata motar za ta ci a shekara guda, har da jarin da za a zare daga kasuwa don sayenta. Kuɗin da aka kashe bara ya riga ya tafi, bai kamata ya zama hujjar ƙara zuba wani ba.

Idan lissafi ya nuna rabuwa, to kada a yi jinkiri. Motar da ke tashi da mabuɗi dillalai na tayawa da daraja, amma ranar da inji ya buga ta kwanta, 'yan gwangwan ne za su zo da sikelinsu, su saye ta a farashin ƙarfe.