Ka haura arba'in? Zo mu yi lissafi

Maganar yau da waɗanda suka haura shekara arba'in ce, maza da mata, musamman mazauna Legas da Ibadan da Abuja da Fatakwal da sauran biranen da neman abinci ya kai mu nesa da garuruwan haihuwa.

Ba a aiko wa kowa takarda a ce masa yau ka kai tsakiyar rayuwa. A fakaice abin yake zuwa. Yaron shagon da ya saba ce maka Yaya, wata rana sai ka ji ya koma ce maka Baba. Ke kuma a wurin biki a daina ce miki Anti, a koma Mama, har wata ta tashi ta ba ki kujera. Sai kuma ranar da saƙo ya shigo, ka ga sai ka nisanta wayar da fuskarka kafin rubutun ya fito sosai.

Wannan na ido kada ya tayar maka da hankali. Madubin da ke cikin ƙwayar ido ne yake fara tauri daga wajen shekara 40, sai kallon abu na kusa ya yi wuya. Kusan kowa sai ya same shi, kuma tabarau na karatu ya wadatar. Sai dai kada ka tsaya ga na bakin titi. Je asibitin ido, ka ce a auna maka har da hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ya fi yawa a cikin baƙar fata, yana cin gani ta gefe a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Hausawa sun ce jiki magayi. To, akwai ciwon da jiki ba ya faɗa, kuma shi ne babban abin tsoro a wannan shekarun: hawan jini. Mutum zai iya shekara biyar ko goma yana ɗauke da shi, yana fita kasuwa da asuba, yana dawowa da dare, babu ciwon kai, babu jiri. A duk tsawon lokacin nan jinin yana dukan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Ranar da zai bayyana, sau da yawa da shanyewar ɓarin jiki yake bayyana, sai ka ji ana cewa ai jiya ma mun gaisa lafiya ƙalau, ko a ce jifa aka yi masa. Awon ba ya kai minti biyar, kuma kemis da yawa suna da na'urar. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka ga yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to ka ga likita. Ka zauna ka huta na ɗan lokaci kafin a auna, kada ka shigo daga rana kana haki a ɗaura maka.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne bayan an ba su magani. Sai a sha na wata guda, a ji garau, a ce an warke, a ajiye. Maganin hawan jini riƙe shi yake yi, ba ya kore shi. Ranar da ka daina, jinin zai koma inda yake. Idan kuɗin maganin ne ya yi maka nauyi, kuma mun san yadda farashin magunguna ya tashi tun daga 2023, ka faɗa wa likitan ƙarara. Akwai tsofaffin magunguna masu araha da ke aiki sosai, zai iya sauya maka. Kunyar faɗin babu ba ta kai kwanciya a gado ba.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare ga masu aikin ƙarfi, direbobi da masu dako da masu yini a tsaye a kasuwa irin ta Mile 12: shan haɗin maganin ciwon jiki kowane dare. A cikin haɗin nan yawanci akwai irin su diclofenac da ibuprofen. Shan su kullum yana ƙara hawan jini, yana goge ciki har ya yi gyambo, yana kuma lalata ƙoda. Wanda ƙodarsa ta daina aiki sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuma duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ya san gidaje nawa da gonaki nawa suka tafi a kai. Jiƙe-jiƙen da ake tallar su a tasha da sunan wankin ciki ko ƙarin ƙarfi, ba ka san abin da ke ciki ba, shi ma mai sayarwar sau da yawa bai sani ba.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Uwargida, wannan lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano da kike marmasawa a miya, da wanda ke cikin yaji, da na taliyar yara. A rage sannu a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna nan, kakanninmu da su suka yi miyar da har yau ake ba da labari.

Ciwon sukari ɗan'uwan hawan jini ne, sukan zo tare. A auna da safe kafin a ci komai. Idan ya kai 126 ko ya wuce, a maimaita a asibiti. Yawan fitsari da dare, ƙishirwa, rama ba dalili, ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa, duk alamu ne, amma kada ka jira su. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi, wanda tumbinsa ya fara rigansa shiga ɗaki, ya fi kowa buƙatar awo. Shayi mai cokali huɗu na sukari da lemon kwalba bayan kowane abinci, lokacinsu ya wuce. Tafiyar ƙafa da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 da ake so.

Yanzu ga wata magana da ba a cika yi ba a gidajenmu. Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma kafin ta ɗauke gaba ɗaya takan yi shekaru tana wasa, ta zo wannan watan ta tsallake wancan. Tare da haka akwai zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da rashin barci, da saurin fushi, da bushewar gaba da ke sa kwanciyar aure ta zama wahala. Maigida, idan ka ga matar da kuka yi shekara ashirin lafiya ta canza, kafin ka kai ƙararta wurin iyayenta ko ka fara cewa aljanu ne, ka tambayi shekarunta. Sauyin sinadaran jiki ne, kuma akwai taimakon da asibiti ke bayarwa. Abin takaici ne a ce daidai lokacin da mace ta fi buƙatar haƙuri, lokacin ne wasu mazan ke juya mata baya. Ke kuma, abu biyu kada ki yi wasa da su: jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda cur, da ƙullutu a mama ko da ba ya ciwo. Waɗannan na asibiti ne a makon nan, ba sai bayan Sallah ba.

Maza ma suna da nasu. Tashi fitsari sau uku ko huɗu da dare, ko fitsarin ya riƙa fita da ƙyar, yawanci kumburin furostet ne, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara. Ya fi yawa daga shekara 50, kuma likita ne zai bambance na tsufa da na daji. Raunin gaba kuwa, wanda ake ɓoyewa a je a sayi maganin maza a asirce, sau da yawa shi ne saƙon farko da ciwon sukari ko toshewar jijiyoyin jini ke aikowa. Wanda ya rufe shi da ƙwaya, ya yaga wasiƙar bai karanta ba.

Mu bar jiki mu koma aljihu, domin a nan ne barcin da yawa daga cikinmu yake ƙwacewa. Alƙur'ani ya ambaci shekara arba'in a Suratul Ahƙaf, a cikin ayar da ta haɗa maganar iyaye da ta zuriya wuri guda, kuma haka rayuwar take. Tsohuwa tana gida a Katsina ko Gusau ko Azare, ƙafa ta fara ciwo, ana jiran abin da za ka turo. Babban yaro yana shirin JAMB, ta biyun tana buƙatar kayan ɗaki nan da shekara uku, ƙanenka ya kira yana neman jari, mai gidan haya ya ƙara kuɗi. Kowa kai yake kallo, kai kuma babu wanda ka isa ka kalla. Ra'ayina a nan, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba: haƙƙin iyaye da na iyali wajibi ne, amma ba kowace buƙata ta dangi ce dole sai kai ba. Ka zauna da 'yan'uwanka, maza da mata, ku raba nauyin jinyar iyaye a fili, kowa ya san nasa. Wanda ke Legas ba itacen kuɗi yake da shi a tsakar gida ba, kuma gara su ji haka daga bakinka da su gano ranar da ka kwanta.

Ma'aikacin gwamnati ya san ranarsa: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ɗan kasuwa da tela da direba da mai canji ba su da wannan ranar, sai dai gwiwa ta yanke musu hukunci. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin da masu sana'ar kansu za su riƙa ajiye kaɗan-kaɗan. Ko ba ka shiga nan ba, ka ware wani abu da ba na jari ba ne, ba na biki ba ne. Ka kuma tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya a jihar da kake zaune. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta faɗaɗa ƙofar ga waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba.

Sannan ka ɗauki littafi da biro. Wa kake bi, wa ke bin ka, nawa ne, wa ya shaida. Ina takardun fili suke, a wane banki kake ajiya, wa kuka haɗa jari da shi. Uwargida ta sani, ko babban ɗa, ko wani amini. Mun sha ganin iyalin da aka bari suna yawo tsakanin abokan cinikin mamaci, kowa yana cewa ai shi ma bin sa yake. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali kusa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda masu zaman Kudu suke ɗagewa har sai ta zo da kanta: a ina za ka tsufa? Da yawa suna tura kuɗi ana gina gida a ƙauye da niyyar komawa, alhali 'ya'yan an haife su a Agege ko Sabo, sun fi jin Yarbanci da Turancin buroka, garin ubansu sai da Sallah suke ganinsa. Uwargidan ma ƙila sana'arta da ƙawayenta duk suna nan. Kafin a zuba bulo na gaba, ku zauna kai da ita ku yi maganar: wa zai zauna a gidan, akwai asibiti kusa da za ka riƙa karɓar maganinka, kuma da me za ku ci idan kun koma. Idan amsar ta nuna nan za a zauna, ƙila kuɗin ginin ya fi amfani a nan ɗin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake amfani da na'urar awon jini a gida da kurakuran da ke sa ta ba da lamba ba daidai ba. Kafin nan, wanda ya yi awo ya rubuta lambar da kwanan watan a takarda ya ajiye, za mu yi aiki da ita.