Dokar Gini Kusa da Filin Jirgi: Mu Daina Kiran Ta Ƙabilanci

'Yan'uwa mazauna Zangon Agege da kewaye.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, a ƙofar masallaci bayan la'asar da kuma teburin mai shayi da dare. Da zarar an ji cewa an hana wani ƙara hawa a kan gininsa, ko an ce a rage tsawon hasumiya, ko an zo an shafa jan fenti a bango saboda filin jirgi, sai ka ji an ce: "Ai don mu Hausawa ne. Da ɗan gari ne da ba a taɓa shi ba." Sai kowa ya gyaɗa kai, a yi Allah ya isa, a watse. To, mun zo ne mu ce wannan magana ba ta da tushe a kan batun filin jirgi, kuma idan muka ci gaba da riƙe ta, mu za ta fara cutarwa.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Duk wanda ya shekara ashirin ko talatin yana kasuwanci a kurmi ya san akwai inda ake nuna mana bambanci, a kan hanya, a kasuwa, a wajen neman haya. Wannan ba a ɓoye yake ba. Amma idan mutum ya saba kiran kowace doka ƙabilanci, ranar da aka zalunce shi da gaske babu wanda zai saurare shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da inda Allah ya ajiye mu. Filin jirgin Murtala Muhammed yana Ikeja, kuma titunan jirginsa guda biyu sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu. Mu kuwa muna arewa da su. Jirgin da zai sauka ta wannan ɓangaren dole ya biyo ta kan Iju da Agege. Ba sai an gaya wa kowa ba: mai wa'azi kan yi shiru har jirgi ya wuce, malamin Islamiyya kan dakata da karatu, yara na iya karanta sunan kamfanin a jikin jirgin. Mu ne a ƙarƙashin hanyar.

Jirgin sama ba ya sauka kamar yadda shirwa ke faɗowa kan ɗan tsako. Gangarowa yake yi a hankali daga nesa, yana rage kimanin mita 50 a kowace kilomita guda. Saboda haka Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda Najeriya ke cikinta, ta shata iyaka a sararin sama da ba a son wani abu ya kutsa cikinta. A daidai hanyar saukar manyan jirage, ƙa'idar ita ce tsayin mita 1 a kowace mita 50 ta nisa daga bakin titin jirgi. Wato a nisan rabin kilomita mita 10 ke nan, a kilomita guda mita 20. A kewayen filin kuma, har nisan kilomita 4, iyakar mita 45 ce. Daga daidai doron titin jirgin ake auna wannan tsayi, don haka mai gida a kan tudu abin da ya rage masa bai kai na mai gida a kwari ba. Kuma lissafin ya haɗa da tankin ruwa, da eriya, da turken kamfanin waya, da hasumiya, har da ƙugiyar ɗaga kayan gini. Jan fitilar da kuke gani tana ƙyaftawa a kan dogayen turaku da dare, da fentin ja da fari da ake shafa musu, duk daga wannan ƙa'ida suka fito. A nan ƙasar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ita ke ba da takardar izinin tsayi.

Me ya sa aka bar tazara mai yawa tsakanin jirgi da wannan iyaka? Saboda ranar da abu ya ɓaci. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ko ruwan Legas ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko inji ɗaya ya mutu jirgi ya kasa hawa yadda ya saba. A irin wannan rana mita biyar kacal na iya raba matuƙi da rufin gidan wani. To, ina Bahaushe, ina Bayarabe, ina Inyamuri a cikin wannan lissafi? Wannan ma'aunin ake amfani da shi a Kano, da shi ake amfani a Jidda inda alhazanmu ke sauka.

Idan muka duba da kyau, yawancin gidajen unguwarmu ba su kai ko kusa da wannan iyaka ba. Dokar tsayi mutane ƙalilan take shafa: mai son ɗora hawa kan hawa, mai ba da hayar rufinsa a kafa turke, da kwamitin masallacin da ke gasar hasumiya da maƙwabta. A kan hasumiya bari mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Asalinta don muryar ladan ta kai nesa ne, yau kuwa lasifika ke wannan aiki. Babu malamin da ya ce sallar masallaci mai doguwar hasumiya ta fi lada. Kuɗin da za a ƙara mita goma a sama, ai gara a gyara wurin alwala da makewayi, ko a biya malaman Islamiyya da ke bin bashin wata uku.

Abin da ya fi shafar mu duka shi ne tsuntsaye. Tsuntsu ɗaya idan ya faɗa cikin injin jirgi yana iya karya fukafukan injin, kuma yawancin irin wannan karo a ƙasa-ƙasa yake faruwa, lokacin tashi ko sauka, wato daidai saman kanmu. A ranar 15 ga Janairu, 2009, wani jirgi ya tashi daga birnin Niyok na Amurka ya yi karo da garken manyan agwagin daji. Injinansa biyu suka mutu, dole matuƙin ya saukar da shi a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, Allah ya kuɓutar da su duka. Su suna da kogi a gabansu. Mu abin da ke ƙarƙashin jirgi shi ne rufin kwano, da makarantun allo, da kasuwa, da shagunan gas.

Shi ya sa ICAO ke ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga filin jirgi. Gaba ɗayan Agege na cikin wannan da'ira, har da mayankar Oko-Oba inda da yawan 'yan'uwanmu ke neman abinci. Ba mu ce a rufe mayanka ba, haba, arzikinmu ne. Amma mu tambayi kanmu: me ke tara ungulu da shirwa da hankaka da belbela? Tumbi da jini da ƙashi da aka watsar a fili, juji da aka bari a buɗe, lambatun da ya toshe ya zama tafki. Wa ke zubar da su? Ranar Babbar Sallah kowa ya san yadda lungunanmu ke komawa. Ga kuma hayaƙin tsohuwar taya da wasu ke ƙonawa wajen babbakar kai da ƙafa da ganda, wanda ke cutar da ƙirjin yaranmu tun kafin ya kai sama. Ga samari masu kiwon tattabaru a kan rufi suna sakin su garke-garke. Wannan duk ba wani ya yi mana ba, da hannunmu muke yi.

Wanda yake ganin tsoratarwa ce kawai, ya tuna ranar Lahadi, 3 ga Yuni, 2012. Jirgin Dana da ya taso daga Abuja ya faɗo a Iju-Ishaga, nan bayanmu, yana gab da sauka. Mutum 153 da ke ciki babu wanda ya tsira, kuma ya kashe wasu a cikin gidajensu. Shekara goma kafin nan, ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS da ya tashi daga Kano zai zo Legas ya faɗa unguwar Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka rasu, da yawansu suna zaune ne a gida. Akwai mutanen Kano a cikinmu da har yau ba su manta da wannan rana ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Wani zai ce, to ai ba dogon gini ne ya kayar da jirgin Dana ba, injinansa ne suka mutu. Gaskiya ne. Amma ku dubi inda ya faɗi. Jirgin da ya samu matsala yakan faɗi ne a hanyar sauka ko ta tashi, kuma yawan mutanen da zai hallaka a ƙasa ya danganta da abin da aka cunkusa a wurin. Dalilin da ya sa ake barin fili fayau a ƙarshen titin jirgi ke nan. Wanda ya ga wannan fili ya ce an bar ƙasa tana asara, bai san aikin da take yi ba.

Sai masu cewa: "Malam, ai Allah ke tsarewa, kowa da ranarsa." Na'am, babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma tun muna yara a Islamiyya aka karantar da mu labarin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Mai wannan magana da kansa yana sa kwaɗo biyu a shagonsa, yana biyan mai gadi duk wata. Me ya sa tawakkalinsa bai tashi ba sai a kan abin da zai cutar da wasu? Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi dogon bayani a kan haƙƙin maƙwabci, har sun hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan wani. Idan an hana ka cutar da maƙwabci da taga, ina ga abin da zai jefa rayuka ɗari cikin haɗari?

Akwai kuma masu cewa mun riga filin jirgi zuwa. Wannan akwai ƙamshin gaskiya. Kakanninmu sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, filin jirgin Ikeja kuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka gina shi. Duk wanda gidan gadonsa ya riga doka, yana da haƙƙin a saurare shi, a biya shi idan za a tashe shi. Amma dakin ɗin da aka zuba bara bai riga filin jirgi ba. Fulotin da aka saya shekara biyar da suka wuce a jikin katangar filin shi ma bai riga shi ba.

Nan ne muke son mu yi magana da dillalanmu, don ciwon a nan yake. Mutum ya sha rana shekara goma sha biyar yana sayar da albasa ko canjin kuɗi, ya tara abin da ya tara. Sai dillali, ɗan'uwansa Bahaushe, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ya kai shi wurin omo-onile, a nuna masa fili mai araha, a ba shi rasit, a sha lemo. Babu safiyo, babu fulan da hukuma ta amince da shi, babu wanda ya je ofishin filaye ya duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin. Dillali ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Ranar da katafila ta zo, shi ne kan gaba wajen cewa ƙabilanci ne, don kada a tambaye shi. Araha ba ta ado, jama'a. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma rasit ɗin omo-onile ba ya tsayawa a gaban takardar gwamnati. A 2023 an rushe gidaje a Ajao Estate, gefen filin jirgin nan, kuma ba unguwar Hausawa ba ce.

Duk wannan bai wanke hukuma ba. Muna da abin da muke nema, kuma za mu fi samun bakin nema idan namu hannun a wanke yake. Muna so a kawo taswirar da ta nuna iyakar filin jirgi da iyakar tsayi, a liƙa ta a sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar Sarkin Hausawa, a yi bayani da Hausa da Yarbanci, don talaka ya sani kafin ya sayi bulo. Muna so a hana gini tun yana tushe, kada a zuba ido sai an yi rufi an tare sannan a zo da katafila. Duk jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, a hukunta shi tare da mai ginin. Wanda yake da takardunsa cikakku aka tashe shi don amfanin jama'a, a ba shi notis a rubuce da wa'adi mai ma'ana, a biya shi diyya. Doka kuma ta hau kan otal ɗin mai kuɗi kamar yadda take hawa kan gidan mai shayi. Motar kwashe shara ta riƙa shigowa lungunanmu a kan lokaci, don ba a ce wa mutum kada ya tara juji alhali ba a ba shi inda zai kai ba.

Namu aikin kuwa ba ya jiran kowa. Kada wanda ya sake biyan kuɗin fili sai lauya da safiyo sun duba masa, ko da kuɗinsu ya yi masa ciwo. Fadar Sarki ta riƙa ajiye sunayen dillalai, wanda ya sayar wa ɗan'uwa filin gwamnati a kira shi gaban dattawa ya mayar da la'ada. Kwamitocin masallatai su nemi izini kafin su ɗaga hasumiya ko su ba da hayar wurin kafa turke. Sarkin Fawa da mahauta su sa a riƙa tara tumbi da ƙashi a mazubi mai murfi, a daina babbaka da taya. Limamai kuma su ware huɗuba guda kafin layya a kan inda za a kai sharar yanka. Kansilolin da muka zaɓa su ɗauki waɗannan buƙatu a rubuce su kai inda ya dace, su dawo su gaya mana amsar da aka ba su.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya tsare matafiya na sama da na ƙasa, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.