Raddi Ga Masu Cewa A Raba Ɗalibin Jami'a Da Wayarsa

Wata magana ta yi ƙarfi a bakin wasu malaman jami'a da iyaye, wai wayar hannu ce ta kashe karatu, don haka a hana shiga da ita zauren lacca. Masu wannan ra'ayi ba maƙiyan ilimi ba ne, damuwarsu ta gaskiya ce. Hujjojinsu ne ke da rauni.

Babbar madogararsu ita ce Turai ma ta fara korar waya daga makarantu. Sukan ambaci dokar Faransa ta 2018 da rahoton UNESCO na 2023. To, wa dokar ta shafa? Yaran firamare da ƙaramar sakandare. Ba ta taɓa jami'a ba. Shi kuma rahoton bai ce a yi watsi da fasaha ba, cewa ya yi a yi aiki da ita inda take taimaka wa koyo. Ɗan aji uku a Jami'ar Bayero, wanda wataƙila ma ya ajiye iyali, ba a yanke masa hukuncin ɗan shekara 10. Ko a wurin malaman usulu, ƙiyasi ba ya inganta idan abubuwan biyu sun sha bamban.

Sun kuma ce ɗakin karatu ya wadatar. Lallai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Zariya abin alfahari ne, amma littafi guda ba ya isar ɗaruruwan masu kwas ɗaya a makon jarrabawa, kuma ƙofarsa tana da lokacin rufewa. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya kai wata tara, ga annobar korona a kai. A 2022 an sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk tsawon wannan zaman gida, ɗalibin da ke Gumel ko Argungu da me zai yi bita? Da wayarsa. A cikinta yake sauke littattafan darussan Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, NOUN, kyauta. A cikinta yake kallon laccocin jami'ar MIT ta Amurka, wadda ta fara sakin kayan darussanta ga duniya tun 2002. Ɗalibar Larabci tana yawo da dubban littattafan Maktabatus Shamila a jakarta, mai nazarin Hausa kuma yana buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ba tare da ya je ko'ina ba.

Su masu sukar, su leƙa layin baya na babban zauren lacca ranar da lasifika ta mutu. Wanda ke can bakin malam kawai yake gani yana motsi. Abokinsa na gaba ne ya ɗauki murya, wakilin aji ya ɗauki hoton allo ya tura zauren WhatsApp, da dare a ɗakin kwana shi na bayan ya saurara, ya tsayar, ya mayar baya har ya gane. A hana waya, wannan ɗalibin aka hana.

Batun satar amsa kuwa, ta girmi waya. Badaƙalar fallasa tambayoyin jarrabawa da ake kira Expo ta 1977 ta faru ne shekara 24 kafin layukan GSM su fara aiki a Nijeriya a 2001. Babu mai cewa a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Inda suke da gaskiya shi ne shagala. TikTok na cinye daren ɗalibai da yawa, wannan ba a musu. Sai dai shagalar a ɗakin kwana ta fi faruwa, inda dokar zauren lacca ba ta kaiwa. Malamin da ya tura babin da za a karanta, ya kuma sa gajeren gwaji ta manhajar Moodle kafin lacca, ya ba wayar aikin yi.

Saura hujjar tsada, cewa talaka ba shi da kuɗin data, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Nauyi ne na gaske. Amma wanda data ta gagara, kwamfuta da sababbin littattafai sun fi gagarar sa. Ɗalibai tuni suka samo dabara: mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ba ko sisi. Ita wayar kuma ta riga ta zama dole, don a hukumar JAMB ma sai ɗalibi ya tura lambar NIN ta waya kafin ya yi rajista. Abin da ya rage wa jami'o'i da asusun TETFund shi ne su kai intanet kyauta ɗakunan kwana, su kafa wuraren caji masu aiki da hasken rana.